Edita, kwanon nan fa ba fasasshe ba ne

Assalamu alaikum Edita, da fatan kuna lafiya. Na saurari shirinku na kwanan baya inda aka yi ta dariyar masu tara kwanukan shan shayi na Japan, har mai gabatarwa na cewa wai mutum da hankalinsa ya zuba kuɗi ya sayi kwano duk tsaga. To ni dai na zauna a can ina harkar kayan gyaran mota, kuma tsohon da na yi haya a gidansa irin masu tarawar ne, shi ya sa na ce bari in ɗan sa baki.

Irin wannan tangaran su suna ce masa seiji. Launin nan tsanwa-tsanwa mai ratsin shuɗi ba fenti ba ne, ɗan ƙarfe ne kaɗan a cikin ruwan gilashin da ake shafa wa kwanon, sai a gasa shi a zafin da ya haura digiri 1200 a rage wa wutar iska, in kuwa iska ta yi yawa sai ya fito rawaya-rawaya, an yi asara ke nan. Wajen hucewa gilashin ya fi yumɓun tsukewa, shi ke zana layukan nan, kuma da gangan ake yi, ruwa ba ya yoyo ko ɗigo.

Tsohon nan yana da guda na maginin tangaran Miura Koheiji, mutumin tsibirin Sado na Japan da ke aiki da jan yumɓun garinsu, wanda gwamnatinsu ta ba matsayin taskar ƙasa mai rai a 1997, ya rasu 2006. Ranar da zai nuna min sai da ya sa na cire zobe da agogo, na durƙusa kan tabarma, na riƙe da hannu biyu ƙasa-ƙasa, wallahi ko numfashin kirki ban yi ba. Ya ce juya shi ka duba gindin, nan aka bar yumɓun tsirara, nan masana ke fara dubawa. Akwatin katakon ma da maginin ya sa wa hannu da hatimi lallaɓa shi yake kamar jariri, don in ya ɓata farashin kwanon ya zube.

Kai har wanda ya tsage da gaske ma ba sa yarwa. A babban gidan tarihi na Tokyo akwai kwanon Sin mai suna Bakohan, ana cewa wani shugaban Japan na zamanin da, Ashikaga Yoshimasa, ya mayar da shi Sin a musanya masa, can suka rasa kamarsa suka ɗinke shi da ƙusoshin ƙarfe suka dawo masa da abinsa.

Don Allah in za ku sake shirin ku taɓo Ladi Kwali, maginiyar tukwanen nan ta jikin naira 20, ai Baturen maginin tukwane Michael Cardew da ta yi aiki da shi a Suleja almajirin wani Bature Bernard Leach ne, shi kuwa Leach a Japan ya koyi ginin tukwane.

Naku mai sauraro, daga Kano.