Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya: wa zai yi mana binciken kuturta a Gana?

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne daga Aboabo a Kumasi game da cutar da aka daɗe ana lissafawa cikin waɗanda aka ci ƙarfinsu. Tun shekarar 1998 Gana ta cika ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wato masu kuturta suka gaza mutum ɗaya cikin dubu goma, kuma babu mai raina wannan aiki. Sai dai ka fi ni sanin cewa har yau ana samun ɗaruruwan sababbin masu cutar kowace shekara, kuma wasunsu suna nakasa bayan an gaya musu sun warke.

Kawuna tela ne, kuma a shagonsa na tashi. Da aka gano yana da cutar, ya sha maganin nan mai haɗin rifamfisin da dafson da kilofazimin wata goma sha biyu cur, bai tsallake ko kwana ɗaya ba, duk da duhun da fatarsa ta yi har maƙwabta suka fara tsegumi. Watanni kaɗan bayan an sallame shi, zazzaɓi ya rufe shi, jajayen ƙuraje masu zafi suka feso masa a hannu da cinya, gwiwar hannunsa ta dama kuma ta riƙa zugi har ya kasa riƙe almakashi. A asibitin da muka kai shi aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, tunda ya gama maganin kuturta. Wata rana ina zaune kusa da shi yana guga, na ji ƙaurin fata, na duba na ga gefen hannunsa a jikin dutsen guga, shi kuwa yana ta ba ni labari bai ji komai ba. Yau ƙaramin yatsansa da na kusa da shi sun lanƙwashe, keken ɗinkin yana lulluɓe da zane a lungu.

Ranka ya daɗe, maganin ya kashe ƙwayar cutar da ke jikinsa. Abin da ya cinye masa hannu garkuwar jikinsa ce. Gawarwakin ƙwayoyin suna daɗewa a cikin fata da jijiyoyi, sai garkuwar jiki ta taso musu da faɗa, a cikin wannan faɗan ne jijiya ke kumbura ta mutu. Da an gane da wuri an ba shi firednisolon, maganin da ke kwantar da kumburi, mai yiwuwa da an ceci jijiyar. Wane majinyaci ne wannan tashin zai same shi, yaushe, kuma da wace alama a jini za a hango shi kafin ya yi ɓarna? Amsar waɗannan tambayoyi tana hannun masu binciken garkuwar jiki, kuma a kansu ne kukana yake.

Indiya ta samu irin wannan mutum. Farfesa Indira Nath, wadda ta rasu a 2021, ta yi shekaru masu yawa a babbar cibiyar koyon likitanci ta AIIMS da ke Delhi tana bin tambaya guda: me ya sa garkuwar jikin wani majinyaci ke gane ƙwayar kuturta ta killace ta a tabo ɗaya ko biyu, ta wani kuma ta ƙyale ta ta bazu ko'ina, alhali tana yaƙar sauran cututtuka lafiya lau? Daga nan ta shiga nazarin irin tashin da ya sami kawuna da yadda yake lalata jijiyoyi, ta horar da ɗalibai, har ta karɓi lambar yabo ta L'Oréal da UNESCO a 2002. Ta iya yin haka ne domin ƙasarta ta ba ta gurbi da ɗakin gwaje-gwaje, ta kuma yi haƙuri da ita.

Haƙurin nan dole ne, saboda cutar ba ta gaggawa. Tun da Armauer Hansen ya gano ƙwayar a 1873, har yau an kasa renonta a kwanon gwaji, sai a jikin dabba mai rai, kamar a tafin ƙafar ɓera, dabarar da aka samu a 1960. Takan yi kusan mako biyu kafin ta rabu gida biyu, kuma takan yi shekara biyar, wani lokaci har ashirin, a jikin mutum kafin ta bayyana. Matashin da ya ɗauki wannan fanni da tallafin shekara biyu zai ga kuɗin ya ƙare kafin ya ga sakamako, daga nan ko ya koma wata cutar mai kuɗi ko ya nemi biza. Habasha ta fahimci haka, shi ya sa cibiyar Armauer Hansen ke aiki a Adis Ababa tun 1970.

Mu ma ba mu rasa kayan aiki ba. Ga cibiyar binciken lafiya ta Noguchi a Legon tun 1979, ga cibiyar binciken cututtuka ta KCCR nan Kumasi, ga asibitin Ankaful da ya daɗe yana kula da masu cutar. Majalisa ta zartar da dokar asusun bincike na ƙasa a 2020, kuma Gana na cikin ƙasashen da suka yi alkawari a Abuja a 2001 cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi zai tafi ga lafiya. Alkawari kaya ne, Mai girma Minista. Ina roƙonka don girman Allah ka nemo wa kuturta kasonta, ka buɗe guraben bincike na dindindin, ko guda biyu ne, ga 'ya'yan ƙasar nan da za su zauna a kan garkuwar jikin majinyatanmu har furfura ta riske su a wurin.

Kafin nan, a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci su taɓa jijiyar gwiwar hannu idan wanda ya gama magani ya dawo da zazzaɓi. A kuma kai wa iyalan majinyata rifamfisin ɗin rigakafi na sha ɗaya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2018, domin jikokin kawuna huɗu a ɗakinsa suke kwana.

Naka,
Wani mazaunin Aboabo, Kumasi