Giwayen Yankari da manoman da ke kewaye da su

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida in yi magana kan Yankari, saboda na lura duk sanda aka kawo labarinta to hoton masu wanka ne a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki ko baƙi a mota suna leƙen namun daji, ba a cika jin muryar mutanen ƙauyukan da ke gefen dajin ba, alhali su ne suke kwana da shi suke tashi da shi.

Dajin nan ba ƙarami ba ne, ya kai murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alkaleri, ƙasashen Duguri da Pali da Gwana duk suna maƙwabtaka da shi. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991 ya zama gandun daji na ƙasa, sai a 2006 ya dawo hannun jihar Bauchi. Amma tun kafin a zo da maganar keɓewa akwai mutane a wurin, wanda ya taɓa zuwa kogon Marshall ya ga ɗakunan nan 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, ko rijiyoyin Dukkey sama da 130 da aka haƙa don tara ruwa, ko wurin narka tama na Shau Shau, ya san cewa hannun ɗan Adam ya daɗe a wannan daji. Ni wannan tarihin ya fi tsaya min a rai, kuma abin takaici yawancin ɗaliban da ake kaiwa daga wanka sai gida, ba wanda ya nuna musu.

Mu ma muna yara haka aka yi mana, an kwashe mu a motar makaranta, daga ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki tafiyar kilomita arba'in da wani abu ce cikin marke da kirya da taramniya, ga gwaggon biri a bakin hanya ba sa ko gudu, ga mugun dawa suna yawo tsakanin ɗakunan kwana. Ruwan Wikki kuwa garau har yashin ƙasa kake gani, ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 ko da hunturu ko da bazara, daga nan yake gangarawa kogin Gaji. Shi kogin Gaji ai shi ne ran dajin gaba ɗaya, idan rani ya yi nisa ruwa ya ƙafe ko'ina sai ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza duk su taru a fadamarsa, shi ya sa masu son ganin dabbobi suke zuwa da rani, ga dorina ga kada, tsuntsaye kuma an ƙirga fiye da iri 350.

To giwa fa, nan maganata take. Garken Yankari yana cikin manyan garkunan da suka rage a Najeriya, kuma masana suna ƙiyasta bai wuce 100 zuwa 150 ba, zaki ma saura 'yan kaɗan, raƙumin dawa kam tuni ya ɓace daga dajin. Giwa ba ta san iyaka ba kuma dajin ba shi da katanga, da damina ta yi nisa hatsi ya fara nuna sai su fito, dare ɗaya garke ya shiga gonar dawa ko masara gari na wayewa ba abin da za ka ɗauka sai karan da aka tattake. Wallahi duk wanda ya ga magidanci tsaye a gonarsa da safe bayan giwaye sun wuce, ga iyali a gida ga bashin taki a wuyansa, ba zai iya buɗe baki ya ce masa ka yi haƙuri dukiyar ƙasa ce ba. Mutumin da aka bari da wannan asarar shi kaɗai, gobe idan mafarauci ya bi ta bayan gidansa da bindiga zai shiga daji neman haure, me zai sa ya kai rahoto?

Ban ce ba a yin komai ba. Ƙungiyar WCS mai kare namun daji ta daɗe tana aiki tare da gwamnatin jiha wajen sintiri, an sa wa wasu giwaye na'ura a wuya ana bin sawunsu ta tauraron ɗan Adam, kuma kashe giwa ya ragu sosai idan aka kwatanta da shekarun baya. Su kansu masu gadin dajin mutane ne da ya kamata a jinjina musu, suna kwana a jeji, akwai waɗanda suka rasa rayukansu a hannun masu farautar sata, Allah ya jiƙansu. Amma gadi kaɗai ba zai riƙe daji mai wannan girman ba, ga kuma shanu da ake kutsawa da su ciki da rani saboda burtali da wuraren kiwo sun zama gonaki a waje, ga masu saran itace don gawayi.

Abin da nake roƙon gwamnatin Bauchi da 'yan majalisarmu shi ne a ware wani kaso sananne daga kuɗin shiga na ƙofa da na ɗakunan kwana, a rubuce cikin doka, don biyan diyya ga manomin da giwa ta yi wa ɓarna, a sa hakimai da dagatai da malaman gona su je su auna gonar cikin satin da abin ya faru, kada a bari sai bayan kaka lokacin da ba sauran shaida. A riƙa ɗaukar 'ya'yan ƙauyukan nan aikin gadi da rakiyar baƙi tunda su suka san kowane kwari da kowane tudu, sannan a zauna da ardo-ardo a fitar musu da wurin kiwo da mashaya a wajen dajin, in ba haka ba korar shanu yau su dawo jibi ba za ta ƙare ba. Makarantu kuma in za su kai yara, don Allah a ƙara musu kwana ɗaya a kai su Dukkey da Marshall, a fara da makarantun Alkaleri ɗin kansu, da yawa cikin yaran da gonar ubansu ke jikin dajin ba su taɓa shiga ta ƙofar Mainamaji ba.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani ɗan Alkaleri mazaunin Bauchi