Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano Kan Makomar Badala

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ban girma.

Dalilin wannan takarda shi ne ganuwar Kano, wato Badala, wadda Sarki Gijimasu ya aza harsashinta tsakanin 1095 da 1134, sarakunan bayansa irin su Muhammadu Rumfa suka faɗaɗa ta. Tun 2007 sunanta ke cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don a duba ko za su shiga jerin wuraren tarihi na duniya, tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa. Har yau muna bakin layi. Sukur ta jihar Adamawa ta shiga jerin na duniya a 1999, kurmin Osun-Osogbo a 2005, daga nan ƙasar ba ta ƙara ko ɗaya ba.

Ranka ya daɗe, kowace gwamnati in ta tashi gyara sai ta nufi ƙofofi: a zuba siminti, a shafa fenti, a yanka kyalle. Ƙofa kuwa ba ganuwa ba ce. Ita ganuwar ƙasa ce zalla, kuma da kaɗan-kaɗan take mutuwa. Wannan ya zo da baro ya ɗebi jar ƙasa zai yi yaɓe, wancan ya sare gindinta ya kafa shago, damina ta zo ta tarar da rami ta ƙarasa aikin. Inda ta faɗi, kafin shekara ta zagayo an yanka fuloti. Ƙasar da aka kwashe ba ta dawowa, ko nawa aka ware a kasafi.

A jihar Ohio ta Amurka akwai wasu ganuwoyin ƙasa da 'yan asalin yankin suka tara kusan shekara 2,000 da suka wuce. Ɗaya daga cikinsu, a garin Newark, ta shafe fiye da ƙarni guda tana filin wasan golf, sai da aka kai ga kotu kafin a karɓe ta. A 2023 UNESCO ta amince da wurare takwas nasu. Su da ba su ma san sunan sarkin da ya sa aka gina ba, mu kuwa muna da sunaye da shekaru a rubuce.

Roƙona, a auna abin da ya rage, a kafa masa iyaka a taswira, a hana ba da takardar fili a cikinta ko ga wa. A haɗa kai da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da masarauta, a ba sarakunan ƙofa da masu unguwanni ikon tsaro da ɗan alawus. Gyara kuma a bar wa maginan gargajiya da tubalinsu, kafin damina mai zuwa.

Allah ya taimake ka.

Naka,
Wani mazaunin cikin Badala