Waɗanda ƙidaya ba ta gani a unguwar masu hali

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton da kuka buga kan unguwannin masu hannu da shuni da ke ta tsirowa a bayan gari, inda wakilinku ya jero mana tituna masu sheƙi, ruwan da ba ya yankewa, makarantun kuɗi da yawan masu digiri. Bai yi ƙarya ba. Sai dai da ya zo kan su wane ne mutanen unguwar, sai ya ƙirga masu gida ya ja birki.

Shekara tara ke nan ina shiga irin wannan unguwa, ina koya wa yara lissafi a gidajensu. Mai son sanin yawan jama'arta ya je ya tsaya a bakin get da ƙarfe shida na safe. Zai tarar da layi: direbobi, kuku, masu raino, masu wanki da guga, masu yi wa fulawa ban-ruwa, kowa riƙe da katinsa, mai gadi na dubawa ɗaya bayan ɗaya. Motocin da ke fita mutum ɗaya ne ko biyu a ciki. Masu shigowa da ƙafa kuwa sai ka gaji da ƙirga. Gab da magariba sai layin ya juya.

Ƙidaya tana rubuta mutum ne a inda yake kwana, ba inda yake wuni ba. Shi ya sa unguwar ke fitowa a takarda fes: mutane kaɗan, samu mai yawa, jahili babu. Matar da ta yi awa goma tana rainon ɗan wani, an jingina ta ga wata unguwa can nesa, inda alƙaluma za su nuna cunkoso da talauci. Kuma da wannan takardar ake tsara gari. In ta ce kowa na da mota, wa zai yi tunanin tashar bas, ko gefen titi na masu tafiya ƙasa, ko ma rumfar da mutum zai fake in hadari ya taso? Na sha ganin mata sun sauka a babban titi suna taka sayyada har rabin awa, saboda an hana motar haya shiga.

Abin bai tsaya ga ƙasa ɗaya ba. A Johannesburg ta Afirka ta Kudu, babbar hanyar M1 ce ta raba Sandton, inda kasuwar hannun jarin ƙasar ta koma a 2000, da Alexandra, tsohuwar unguwar talakawa da aka kafa tun 1912. Dubban mutane ke tsallakawa kullum don neman na kansu, amma sai da aka yi shekara da shekaru kafin a yi musu gadar ƙafa ta Grayston. Ko ita ma, ana cikin aikinta a watan Oktoban 2015 ƙarafan da suka tallafe ginin suka rufta kan titi, mutum biyu suka rasu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2021 cewa masu aikin gida sun haura miliyan 75 a duniya, kuma kusan uku cikin huɗu mata ne. Tun 2011 ta fitar da yarjejeniya mai lamba 189 kan haƙƙinsu, amma ƙasashen da suka amince da ita ba su kai rabin ƙasashen ƙungiyar ba.

Kada a ce hassada ce ta sa ni magana, ai ni ma a can nake cin abinci. Wani abin ma tausayi yake ba ni. Akwai gidan da na koyar da yara uku, duk sun girma sun tafi karatu waje. Ran nan na biya gaishe da mahaifiyarsu, na iske ta ita kaɗai a falon da zai ɗauki mutum hamsin, an lulluɓe kujeru da zanin gado saboda ƙura. Ɗaki shida ne, ɗaya ake kunna wa fitila. Ta ce mini ba ta san sunan wanda suke katanga ɗaya ba. Mai aikinta ce ta san lokacin shan maganinta, ita ce kuma ta kai ta asibiti ranar da jiri ya kwashe ta. A lissafin wakilinku, mutum ɗaya ne a gidan nan.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku sake tura shi. Wannan karon ya bar motarsa a gida, ya shiga layin nan na safe, ya tambayi ta gabansa ƙarfe nawa ta baro gida, mota nawa ta canza, kuma wa ta bar wa nata 'ya'yan.

Naku,
Wani malami mai bibiyar jaridarku