Zafin tsofaffin gidajen kwano a Legas

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin masu tsofaffin gidajen haya a Agege da Idi-Araba, inda 'yan'uwanmu da yawa ke kwana a ɗakunan kwano marasa silin.

Iskar Legas cike take da danshi, gumi ba ya bushewa a jiki, kuma kwanon da ya wuni yana shan rana shi ke sauke zafinsa kai tsaye a kan yara da tsofaffi. Saboda haka daga rufi ya kamata gyara ya fara. A buga silin, a shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano, a shafa wa samansa farin fenti. Amma wajibi ne kafinta ya bar ƙofofin iska tsakanin kwano da silin, domin idan aka toshe ko'ina, danshi zai taru, katako ya ruɓe, bango ya yi fumfuna. Tagogi biyu masu fuskantar juna ma suna taimakawa ƙwarai.

Ina kira ga masu gidaje da su sa wannan aiki cikin lissafinsu kafin su ƙara kuɗin haya.

Na gode.

Mai karatu daga Agege, Legas