Rahoton Shekara ga Membobin Zumuntarmu ta Karatun Littafi Mai Tsarki, Kano

Baba Fasto, dattawan ikkilisiya, iyayenmu mata da 'yan'uwa duka, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Kwamiti ya ɗora mini in gabatar muku da ayyukanmu na shekarar da ta ƙare. Batun kuɗi na ma'aji ne, zai karanta nasa rahoton bayan nawa.

Babban abin da ya sauya shi ne tsarin karatu. A da muna bin jadawalin sauke Littafi Mai Tsarki cikin shekara guda. Littattafai 66 ne, surori 1,189, wato sai mutum ya karanta sura 3 ko 4 kullum ba fashi. Farawa da Fitowa sukan tafi lafiya, amma da an shiga Littafin Firistoci a farkon Fabrairu sai a fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Mai rumfa a kasuwar Sabon Gari da ya fita da sassafe ya dawo bayan magariba, ga gajiya ga rashin wuta, ina zai kai sura huɗu? Ko ya karanta, washegari ba zai iya faɗin abin da ke ciki ba. Shi ya sa muka yarda a rage karatun a ƙara rubutu: nassi kaɗan a rana, sannan kowa ya buɗe littafinsa ya rubuta ayar da ta tsaya masa a rai, abin da ya fahimta, da addu'arsa. Ranar Asabar da yamma mu haɗu, mai so ya karanta nasa.

Daga Janairu zuwa Ista mun bi Luka da Ayyukan Manzanni, surori 52 ke nan, rabin sura a rana. Oktoba ta Karin Magana ce, tun da surorinsa 31 sun yi daidai da kwanakin watan. A Nuwamba Filibiyawa da Yakubu, a Disamba kuma sassan Ishaya da suke magana a kan zuwan Almasihu.

Zabura ce ta ɗauki bazara da damina gaba ɗaya, kuma a nan ne aikin ya nuna kansa. Ta 119 kaɗai, mai ayoyi 176, mun raba ta bisa sassanta 22, ayoyi takwas kowace rana. Amma wadda ta tayar da ƙura ita ce ta 88. Galibin zaburoyin kuka sukan juya zuwa yabo kafin su ƙare, kamar yadda ta 13 take, ita kuwa wannan da kuka ta fara, cikin duhu ta ƙare. A makon nan wasu suka zo da rubutu irin wanda ba mu saba ji a majami'a ba: na rashin aiki, na bashi, na ɗan da aka binne, na addu'ar da aka daɗe ana yi shiru. Wasu daga cikin dattawanmu ba su ji daɗi ba, suka ce wannan gunaguni ne, kuma gunaguni ne ya hana mutanen Musa shiga ƙasar alkawari. Ba mu raina wannan magana ba, mun yi Asabar biyu a kanta. Inda muka tsaya shi ne, mai gunaguni yana ƙorafi a kan Allah a gaban mutane, mai zabura kuwa gaban Allah yake kai kukansa. A ganina waɗannan makonni ne suka mai da mu zumunta ta gaske. Kafin nan kowa ka tambaya, amsarsa "sai godiya", ko da cikinsa na ci da wuta.

Daga nan dokar sirri ta fito. An sami wata magana da aka karanta a zama, sai ga shi an ji ta a waje, mai maganar kuwa ta daina zuwa har sai da iyaye mata suka bi ta gida. Yanzu doka ce: littafinka naka ne, ba a tilasta wa kowa ya karanta, abin da aka ji a zama kuma a wurin zai tsaya. Miji ma ba ya buɗe na matarsa sai da izininta. (An yi dariya da aka kawo wannan, amma an amince.)

Akwai matsalar da ba mu gama warwarewa ba. Wasu iyayenmu, musamman waɗanda suka taso a ƙauyukan wajen Rano da Sumaila, sun haddace nassi fiye da mu amma ba sa rubutu. Mun haɗa kowacce da matashi mai rubuta mata, sai dai wace kaka ce za ta faɗa wa jikarta abin da ke damunta game da uban yarinyar? Wasu sun koma ɗaukar muryarsu a waya, ya ɗan taimaka. Maganin gaskiya shi ne ajin koyon karatu da rubutu bayan sujadar Lahadi, kuma har yanzu ba mu sami malami mai ɗorewa ba.

Kan juyi ba mu takura wa kowa ba. Akwai tsofaffi masu riƙe da fassarar 1932, wadda Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi, yawancinmu na 1979 muke amfani da shi, matasa kuma daga waya suke karantawa. Rubutu ne kawai muka ce a yi da biro a takarda, don wayar da kake rubuta addu'a a ciki ita ce saƙon WhatsApp zai shigo ya ɗauke ka.

Mun ziyarci marasa lafiya a gida da asibiti, mun karanta wa waɗanda idonsu ya yi rauni. Zuwan maza zama ya yi ƙasa ƙwarai, dole a faɗa. 'Yan'uwa na Dakata da Badawa kuma kuɗin adaidaita ya rage musu zuwa, musamman da damina.

Shekara mai zuwa kwamiti na ba da shawarar a fara da Markus, sannan Irmiya. A sura ta 36 za mu ga annabin yana faɗa Baruk yana rubutawa, sarki Yehoyakim ya yayyanka naɗaɗɗen littafin ya jefa a wuta, aka sake rubuta wani har da ƙari. Abubuwa biyu ke jiran amincewarku yau: raba zaman Asabar gida-gida bisa unguwanni, a riƙa haɗuwa gaba ɗaya sau ɗaya a wata, da ware wani kaso na baiko don alawus ɗin malamin aji. Mai buƙatar sabon littafin rubutu ya ga ma'aji bayan addu'ar rufewa.

Naku cikin Almasihu,
Magatakarda