Wasiƙa Zuwa Ga Mai Bigila

Kano,
14 ga Satumba, 2025

Assalamu alaikum, aminina Mai Bigila.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, yaya gida, yaya Hajiya da yara, yaya zaman Amurka? Mu nan sai godiyar Allah. Damina ta yi albarka, har an fara cin sabuwar masara.

Na ga bidiyon da ka turo mini wata guda ke nan, kuma na san ka yi mamakin shirun da na yi. Abin da ke bakina ne ya fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na bari sai na zauna na rubuto maka. Na kalle shi ya fi sau goma. Ka ce gasar ƙarshe ce ta ƙungiyar 'yan badujala da suke kira DCI, wadda ta fara shirya gasa tun 1972, kuma duk watan Agusta ake haɗuwa a birnin Indiyanafolis. Kai, mutanen nan sun iya! Mutum sama da 150 a fili ɗaya, suna gudu suna busa, su watse kamar an zubar da gero, kafin ka ƙifta ido kowa ya koma gurbinsa. Ƙahonninsu masu maɓallai ne, ba irin namu ba, gangunansu kuma ruwa bai dame su ba. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayanin da ka yi, cewa da zarar yaro ya kai shekara 22 shi ke nan, ya gama, sai ya ajiye kaya ya ba na baya wuri. Na ga wasunsu suna rungume juna suna kuka a ƙarshen wasan. Ni da kai mun san wannan kukan.

To, sai haƙuri, aminina. Allah ya yi wa Baba Saje, tsohon sojan nan da ya koya mana badujala a makaranta, rasuwa ranar Juma'ar makon jiya, bayan 'yar gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi masa sutura bayan an sauko daga masallaci. Mu biyar daga cikin 'yan badujalarmu muka samu jana'izar, kuma da aka ɗauki makara muka sa kafaɗa, sai na lura ba tare da wani ya ce komai ba duk mun tashi da ƙafar hagu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Tun daga ranar ba na rabuwa da tunanin ɗakin ajiyar nan na bayan ofishin shugaban makaranta. Har yanzu ina jin warinsa a hancina, warin fata da jemage da Brasso, man nan na goge tagulla. Dukiyarmu duka ba ta wuce bigila shida, ƙananan ganguna takwas, babbar ganga ɗaya, da faya-fayan tagulla biyu da ake gwarawa ba, sai sandar jagora mai azurfa a ka wadda ta lotsa ta gefe guda. Ka tuna wata uku cur muka yi muna kaɗa benci da sandunan darbejiya kafin ya yarda mu taɓa ganga? Ku masu busa naku ya fi namu wuya. Bigila ba ta da maɓalli, ba ta da rami kamar sarewa, murya biyar kacal gare ta, kuma duk a leɓe suke. Sati biyu ka yi kana hurawa ba abin da ke fita sai iska. Da hunturu ya shigo leɓenka ya tsage, kana busa kana tofar da jini, Baba Saje ya ciro ɗan gwangwanin man kaɗanya daga aljihu ya miƙa maka bai ce uffan ba. Ranar da muryar sama ta fara fito maka tsaf, muna can gindin mangwaro muka ji, duk muka ajiye sanduna muka juyo.

Ni kuwa ka san rigimar da na sha a gida. Mahaifina, Allah ya gafarta masa, cewa ya yi ɗan malam ba ya rataya ganga, kiɗa gadon maroƙa ne, mu allo muka gada. Sai da Baba Saje ya sa farar rigarsa ya zo har zaurenmu bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Allah gafarta Malam, ba roƙo nake koya musu ba. Ba wanda za su wasa, ba wanda zai yi musu liƙi. Ina koya wa yara arba'in su taka ƙasa kamar mutum ɗaya ne." Malam ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce ya yarda, da sharaɗin kada sallar magariba ta same ni a fili. Kuma ba ta taɓa samu na ba, don Baba Saje da kansa yake tsayar da atisaye in rana ta yi ja.

Abin da ya faɗa a zauren nan shi ne gaskiyar abin da nake kewa. Na yi aiki a wurare da dama tun bayan nan, na shiga ƙungiyoyi, na zauna a kwamitoci, amma ban sake samun wurin da na ɓace a cikin mutane irin yadda nake ɓacewa a sahu ba. Taku 120 a minti ɗaya in ana macin sauri, babbar ganga tana faɗuwa daidai da ƙafar hagu, ƙura tana tashi, ba ka san inda ƙirjinka ya ƙare na maƙwabcinka ya fara ba. Macin a hankali kuma, mai kusan rabin wancan saurin, shi ne mai fallasa mutum: ƙafa tana rataye a iska, in ka yi gaggawa da ƙiftawar ido kowa ya gani. Yana bin bayanmu da 'yar tsumagiyarsa, ba ya duka, sai dai ya taɓa diddigen wanda ya saɓa yana cewa, "Lef, rai, lef. Kunnenka a ganga, idonka a ƙeyar na gabanka."

Sau biyu a shekara muke fita gasa, 27 ga Mayu ranar yara da 1 ga Oktoba, amma wadda nake so mu tuna ita ce ta 1990, da Najeriya ta cika shekara 30 da samun 'yanci, zamanin Kanar Idris Garba yana gwamnan Kano. Ranar Litinin ce. Daren Lahadi ba wanda ya runtsa a ɗakin kwananmu. Mun dama sitacin rogo mun tsoma kaki, muna karɓa-karɓa da dutsen guga ɗaya na gawayi, wando har yana iya tsayuwa da kansa. Mun shafe takalman kambas da alli mun jera a taga. Brasso ya ƙare, kuka koma toka da lemun tsami kuna gurzar bigila har mutum yana ganin haƙoransa a jiki. Can cikin dare aka yi yayyafi na bankwanan damina, fatun gangunanmu na akuya suka sha sanyi suka saki, da asuba muka kewaye murhun madafa muna gasa su muna jan igiya.

Muna isa fili, makarantu sun cika maƙil, 'yan sanda da sojoji a gaba, 'yan sikawut da 'yan agaji a gefe, ka buɗe jakarka ka ga bigila ba baki. Ɗan ƙoƙon nan na tagulla ya zame ya faɗi, ko a motar da ta kawo mu ko a hanya. Ban manta fuskarka ba, ta yi fari fat kamar takalminka. Kai ne kuma za ka yi busar buɗewa kai kaɗai kafin mu taka. Baba Saje ya dube ka, bai yi faɗa ba. Ya sa hannu cikin rigarsa ya ciro wata 'yar jakar fata da ke rataye a wuyansa kamar laya, ya kwance, ya fito da nasa. Duk mun san labarinsa: da shi ya shiga yaƙin basasa a 1967, da shi ya fito a 1970, kuma ba ya sa shi a bigila sai ranar 15 ga Janairu, in ya tsaya shi kaɗai a bakin fili da sassafe yana yi wa abokansa da ba su dawo ba busar bankwana. Ba wanda ya taɓa riƙe shi a cikinmu. Ya goge shi da gefen hularsa, ya cusa a bigilarka, ya ce, "Ya san hanya. Kai dai ka ba shi iska."

Wallahi ban taɓa jin ka yi busa irin ta ranar ba. Muryar ta tashi siririya, ta miƙe, ta tsaya a sama ba rawa, filin nan duk girmansa ya yi tsit, har masu tallan ƙanƙara suka daina kira. Sannan babbar ganga ta faɗi, muka taka.

Sauran ka sani. Muna daf da rumfar manyan baƙi, an ba da umarnin juya ido dama, fatar gangata ta yage daga tsakiya, don wutar asuba ta yi mata yawa. Na ji sandata ta nutse. Abin da ya zo mini shi ne maganarsa ta kullum, cewa in ganga ta fashe hannu bai fashe ba, sai na koma kan katakon bakinta na ci gaba da kaɗawa, hannuna yana tashi tare da na sauran bakwai, hawaye yana zuba, kaina a dama. Muka zo na biyu. Har gobe ina ganin mun fi waɗanda aka ba kofin tsabtar taku, ko da yake jagoransu ya fi namu iya wulla sanda, kuma alƙalai suna son wannan. A hanyar komawa ba mai magana a mota. Baba Saje ya tsayar da direba ya sayi dafaffiyar gyaɗa kwano biyu da kuɗin aljihunsa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana zuba mana a hula. Da ya zo kaina ya ce ya ga abin da na yi. Da ya zo kanka ya miƙa hannu kawai, ka zare bakin bigilar ka ba shi, ya mayar wuyansa. Shekarar da ta biyo muka gama makaranta, a watan Agustanta aka cire Jigawa daga Kano, kowa ya kama gabansa, ba mu sake tsayuwa a sahu ɗaya ba.

Ga dalilin wasiƙar. Ranar sadakar uku babban ɗansa ya ja ni gefe ya damƙa mini 'yar jakar fatar nan. Ya ce tun kafin ciwo ya kwantar da shi Baba ya bar wasiyya, in ta Allah ta kasance a ba "yaron nan da ya busa ranar cika talatin." Sunanka ya ɓace masa, shekara 35 ba kwana 35 ba ce, amma busar ba ta ɓace ba. Yana nan gabana a kan tebur ina rubutun nan. Ya ɗan yi duhu, gefensa ya suɗe inda leɓe ke zama, igiyar jakar kuma ta yi baƙi da gumi. Ban goge shi ba, na bar maka wannan.

Ba na son in sa shi a hannun masu kai saƙo. In da gaske kake za ka zo hutun Disamba, zan ajiye shi har ka iso, mu je tare mu yi wa iyalinsa ta'aziyya, mu wuce maƙabarta mu yi masa addu'a. Na kuma leƙa tsohuwar makarantarmu, akwai wani matashin malami da ya tara yara goma sha biyu suna kaɗa benci da yamma, ya ce zai so ka zo ka nuna musu yadda ake ajiye leɓe. Na ce masa zan tambaye ka. Ka kira ɗan Baba Saje kafin nan, zan turo maka lambarsa ta waya.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka shafa mini kan yara. Maman yara tana gaishe ku, ta ce in tuna maka alkawarin da ka yi na kawo autarka ta ga Kano.

Naka har kullum,
Mai ƙaramar ganga, sahun gaba, gefen hagu.